Injin Aro

Hajji Shahat ɓarawo ne, ko da yake bai taɓa zura hannu a aljihun kowa ba. Abin da ya sata shi ne injin zuƙe ruwa.

Jiragen fito uku aka ƙera a ƙasar Turai, kamarsu ɗaya har ƙusa. Da suka tsufa aka sayar da su a Bahar Maliya, aka ɗora musu ƙarin bene, aka raɗa musu Fulla da Nargis da Yasmina. Fulla ta mutu aka yayyanka ƙarfenta. Sauran biyun suna jigilar 'yan ƙwadago da motocin kaya daga tashar Safaga ta ƙasar Masar, Shahat ne manajansu. Injin zuƙe ruwa na kirki guda ɗaya ya rage musu. Duk wadda za a duba lafiyarta, sai ya sa a kwance shi daga 'yar'uwarta a ɗaura mata, tunda mazauninsu ɗaya.

Ranar nan Nargis ake dubawa a tasha, Yasmina kuwa tana kan hanyar dawowa. Shahat na tsaye a ɗakin inji tare da Fikri, jami'in dubawa, ana kurɓar shayi.

"Kai Hajji, tsohuwar nan ta fi ni huhu," in ji Fikri, yana shafa injin.

"Ai ba ta shan taba irinka, ranka ya daɗe."

Sai oba-obar da ke ƙugun Shahat ta yi ƙara. Muryar Garib ce, direban Yasmina.

"Hajji! Igiyar ruwa ta ɓalle mana ƙofar motoci. Ruwa ya kai gwiwa, jirgi ya fara karkata. Turo Nargis da injin nan yanzu!"

Fikri ya ajiye kofinsa. "Wane inji? Ba su da nasu?"

In Shahat ya ce suna da shi, jirgi zai nutse. In ya ce babu, ya kai kansa kurkuku. Ya danna oba-oba, ya ƙaƙalo dariya.

"Garib, ka cika raki. Kunna naka mana."

"Nawa? Wanda ka kwance jiya? Ka ji tsoron Allah, mutum ɗari huɗu ne a nan!"

"Iska ta taɓa masa kai," Shahat ya ce wa Fikri. Ya tsaya yana kallon ƙasa, ana jiyo ihun mata ta cikin oba-oba, bai motsa ba.

"Hajji," muryar Garib ta sake fitowa a sanyaye, "Nagat 'yarka tana bene na biyu da jaririnta. Ta ce kar a gaya maka, so take ta ba ka mamaki."

A nan ne ƙafafunsa suka tuna da gudu. Ya haura sama yana kururuwa a kwance igiyoyi, a tayar da Nargis. Fikri ya sunkuya ya goge maiƙon da ke gindin injin da babban yatsa, sai ga sunan Yasmina da jan fenti.

Sun iske Yasmina a kwance kan haƙarƙarinta, aka kwashe fasinjoji, har da Nagat da ɗanta. Direbobin motoci biyu da suka sauka ƙasa suna kwasar ruwa da bokiti ba su fito ba. Garib ya faɗa a kotu cewa da an taso a kiran farko, da an same su da rai.

An yanke wa Shahat shekara goma. Nagat ba ta taɓa zuwa duba shi ba.