Gurnanin Janareta

Da hantsi Zulfa ta buɗe kwamfutarta a ƙarƙashin darbejiyar gidansu da ke Toranke, layuka suka cika allon kamar sawun kaji a kan rairayi. Wata takwas ta yi a ɗakin binciken jami'a tana naɗar saƙonnin da ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɓera ke aika wa juna, don ta gwada saiwar da mahaifinta, Malam Ɗayyabu, ya shekara talatin yana jiƙa wa masu farfaɗiya. Sakamakon ya yi daɗi: duk inda aka ɗiga ruwan saiwar, ƙwayoyin sun lafa. Tuni Malam ya baza labari a kasuwar Ajingi cewa boko ma ya sallama masa.

Wutar lantarki tana da nata gurnanin, bugu hamsin a daƙiƙa, kuma yana kutsawa cikin naɗi. Manhajar kwamfutar takan tace shi idan an faɗa mata adadin. Zulfa ta faɗa mata hamsin tun farko, ta kwantar da hankalinta. Yau da ta bi littafin aikinta rana-rana, sai ta gano kuskuren. Duk naɗin da babu saiwa a ciki, a makon da taransifoma ta ƙone aka yi shi, da janareta. Shi kuwa tsohon janaretan nan bai san wani hamsin ba, yanzu arba'in da bakwai, an jima hamsin da uku. Gurnaninsa ya sulale ta gefen matatar, manhajar ta ƙirga shi a matsayin saƙon ƙwaƙwalwa, shi ya sa marar saiwa ya zama kamar ya fi tashin hankali.

Ta gyara matatar, ta sake tacewa har sau uku. Mai saiwa da marar saiwa suka fito daidai wa daida. Ta ji tausayin kanta, amma ta fi jin na mahaifinta.

Malam ya shigo daga zaure ya ce wata mata ce ta zo daga Gaya. Mijinta ya daina shan maganin asibiti tunda suka ji jami'a ta tabbatar da saiwar, takarda kawai take so ta gani.

"Baba, ba saiwar ba ce. Janareta ne."

Ta yi masa bayani dalla-dalla. Ya daɗe yana kallon layukan da bai iya karantawa ba.

"Wa ya sani bayan ke?"

"Babu kowa."

Ya gyara zaman hularsa, ya dubi ƙofar zauren.

"Sa mayafinki ki zo ki ce mata mijin ya koma kan maganin asibiti yau ɗin nan. Ni bakina ba zai iya ba, amma zan tsaya a wajen."