Kalina Ta Ƙi Kwanciya

Nevena ta cire murfin biro ke nan za ta sa hannu, sai wayar ofishin likita ta yi ƙara. Dakta Rumen ya ɗauka, ya saurara, sannan ya dube ta ta saman tabarau.

"Penko ne daga ƙofa. Wai wani tsoho ya sauko daga bas ɗin safe, ya zauna a kan dutse, ya ce ba inda za shi sai ya ga Kalina."

"A gaya masa yau gandun a rufe yake."

"An gaya masa. Ya ce a faɗa wa shugaba Stancho ne."

Ta mayar da murfin biron. Takardar da ke gabanta layi huɗu ce kacal, izinin yi wa tsohuwar beyar Kalina allurar ƙarshe. A ƙa'idar ƙungiyar ceton dabbobin da take shugabanta, ba a kashe beyar sai shugaba ta zo da ƙafarta ta gani. Shi ya sa ta baro Sofiya da sassafe, ta bar taro biyu a hannun mataimakinta. Ƙungiyar kuwa ba ta wasa ba ce. Ma'aikata sun haura ɗari biyu, ga gidajen karnuka da kyanwoyi a garuruwa bakwai, ga asibitin dawakai, ga wannan gandun na gindin duwatsun Rila inda dabbobin da aka ƙwato daga masu sa su rawa suke ƙarasa kwanakinsu. Duk a wuyanta suke. Mace ce da manyan gwamnati kan gyara zama idan ta shigo ɗaki, amma sunan nan ɗaya ya tsayar da ita.

Stancho ubanta ne. Kalina kuma tasa ce kafin ta zama ta ƙungiya.

Nevena na da shekara goma ya shigo gida da wani abu yana motsi a cikin rigar sanyinsa, ya ajiye mata a cinya ya ce, "Ga ƙanwarki." Ita ta shayar da ita madara da kwalba. Ita ce kuma ta toshe kunne a bayan ɗaki ranar da aka huda hancin aka sa zobe, da ranakun da aka riƙa ɗora 'yar dabbar a kan faffaɗan ƙarfe mai zafi, ubanta na kaɗa gadulka, gogensu na gargajiya, har ta koyi ɗaga ƙafa da ta ji kiɗa. Haka kakansa ya yi, haka ubansa ya yi, da haka aka ci abinci a gidan. Tana da shekara ashirin da huɗu ta jagoranci 'yan sanda da likitoci har tsakar gidansu. Hoton da aka ɗauke ta riƙe da yankakkiyar sarƙa shi ya fito da sunanta. Abin da ba ya cikin hoton shi ne maganar da uban ya yi a bakin ƙofa: "Ɗauki ƙanwarki ku tafi. Yau na rasa 'ya'ya biyu." Shekara ashirin da biyu ke nan. Ko ranar da aka binne uwarta, kabari ne a tsakaninsu, ba wanda ya ɗaga ido.

"Yaya take yanzu?" in ji Nevena.

"Yadda na gaya miki a waya. Yau kwana huɗu ba ta kwanta ba. Ta jingina da bango, ta ɗaga wannan ƙafa, ta ɗaga waccan. Ko zuma ta ƙi. Ido ya tafi, ƙwaƙwalwa ta tsufa, ciwon gaɓoɓi yana cin tafin ƙafarta, ita gani take a kan ƙarfen nan take." Ya cire tabarau ya murza ido. "Ba na so in harbe ta da allura tana tsaye, ta faɗi kan siminti ƙugu ya tarwatse. Na so ta tafi a kwance kamar mai barci. Mun yi duk dabararmu, ta ƙi."

Nevena ta kawar da kai ta dubi taga.

"Kada fa ki manta da doka ta goma sha ɗaya," in ji Rumen a hankali. "Ba ni na rubuta ba."

Ina za ta manta! Ita ta rubuta da hannunta: tsohon mai dabba ba ya wuce ƙofa, ko wane ne shi. Dalilin a fili yake. Beyar na jin warin tsohon ubangidansa sai ya miƙe ya kama rawa, wahalar watanni ta tafi a banza. Shekara huɗu da suka wuce ta kori Zlatka, ma'aikaciyar da ta fi kowa hannu mai kyau, don ta ji tausayin wata tsohuwa ta shigar da ita na minti biyar. Zlatka ta yi kuka a ofis, hukumar gudanarwa ta yaba wa shugaba, shugaba ta ce dokar ba ta da ɗan gida.

Ta sa takardar a aljihu ta gangara ƙofa.

Tun daga nesa ta hango shi. Ya ƙanƙance, hular ta yi masa yawa, gadulkar na rataye a bayansa cikin tsohon buhu. Penko mai gadi ya ba shi kofi a murfin fulas, ya koma gefe yana kallon takalminsa kamar yau ya fara ganin su.

"Tate," ta ce, wato Baba. Kalmar ta fito da ƙyar, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

Ya dube ta daga sama har ƙasa. "Kin yi ƙiba, shugaba. Ashe tausayin dabbobi na ciyar da mutum."

"Kai kuma ka rame. Wa ya gaya maka?"

"Labari ba ya jiran bas. An ce ƙanwarki ta ƙi kwanciya."

"Ba a shiga, Tate. Doka ce."

"Na ji. An ce wata mata mai ilimi ce ta kafa ta." Ya kurɓi kofi. "Ni ban zo ganinki ba, kada ki tsorata. A talabijin ma ina ganinki, kina magana kamar an haife ki a ofis. Na zo in sallame ta ne. Ba za ta kwanta ba sai an sallame ta."

"Muna da likita."

"Likitan ya kwantar da ita?"

Penko ya yi gyaran murya, ya ce da ƙasa, ba da kowa ba, "Ai dama tsohon doki sai mai shi."

"Penko, an tambaye ka?"

"A'a, shugaba. Da takalmina nake."

Iska ta kaɗo daga gandun da warin ciyawa. Nevena ta ɗaga kai ta dubi na'urar ɗaukar hoton da ke saman ƙofa, wadda ita ta ce a kafa bayan maganar Zlatka. Ta san abin da zai biyo baya. A hukumar gudanarwa akwai mutum uku da suka daɗe suna neman inda za su kama ta, kuma masu ba da gudummawa ba sa son jin cewa mai sarƙa ya taka gandun. Kujerar da ta kwashe rabin rayuwarta tana ginawa ce a kan layi. Ta ji haushinsa ya taso mata, haushi na gaske, don ko yau ma shi ne ya zo ya tsaya mata a hanya. A ƙarƙashin haushin kuma akwai wani abin da ba ta son ta duba.

"Ba kiɗa," ta ce. "Ka bar bakan a nan."

"Wa ya ce miki kiɗa zan yi?" Ya zaro bakan da ake goga tsirkiyar da shi ya miƙa wa Penko. "Riƙe, ɗana. Kada ka yi wasa da shi, ya girme ka."

Tafiyar minti goma ta ɗauke su rabin awa. Bai yarda ta riƙe masa hannu ba. Da Rumen ya gan su tafe, sai ya buɗe baki, ya sake rufewa, can ya ce, "To fa! Mai dokar barci." Bai ƙarasa ba.

Ɗakin Kalina na da sanyi da duhu kaɗan, an zuba busasshiyar ciyawa har gwiwa. Tana can lungu, gashinta ya yi fari-fari, ƙashin baya ya fito, hancin nan da zobe ya yaga tun tuni yana a tsage. Ɗaga dama, ɗaga hagu. Ɗaga dama, ɗaga hagu.

Tsohon ya tsaya jikin ƙarafan da suka raba su da ita. Sai hancin ya motsa. Kalina ta tsaya cak, ta juyo da makafin idanunta, ta saki wani gurnani mai kama da kukan tsohuwa. Sannan ta yi abin da Nevena ta kafa doka don kada a sake gani. Ta tattara ƙarfin da ba ta da shi, ta miƙe a kan ƙafafun baya, gaɓoɓin na ƙara, ta ɗaga hannuwa sama ta fara juyawa.

"Wayyo Allah! Za ta faɗi!" in ji Rumen. "Nevena, fitar da shi!"

Nevena ta kasa motsi. Ta dubi ubanta, ta ga hawaye na bin ramukan fuskarsa. Shekaru goma sha huɗu ya yi yana kallon rawar nan a bakin teku da kasuwanni yana dariya, yau ne ya fara ganinta babu kiɗa.

Ya kife gadulkar, ya ƙwanƙwasa bayanta da yatsa sau biyu. Ƙwas, ƙwas.

"Kasuwa ta watse, Kalino," ya ce, muryarsa na karyewa. "An gode. Kwanta, 'yata."

Hannuwan suka sauko. A hankali, a hankali, ta dire ƙafa huɗu, ta tako ta zo jikin ƙarafan, ta lanƙwashe a cikin ciyawar ta ɗora haɓa a kan hannu. Ta ja wani dogon numfashi ta sake. Tsohon ya durƙusa, ya zaro guntun burodi daga aljihu ya miƙa ta tsakanin ƙarafan. Ba ta ci ba, ta dai lashi yatsunsa.

Nevena ta jingina takardar da bango ta sa hannu. Rumen ya yi aikinsa ba hayaniya, allurar barci tukuna, sannan ɗayar. Ba a yi minti ashirin ba ya cire abin sauraron ƙirji daga kunne ya gyaɗa kai, ya fita ya bar su.

Tsohon na nan durƙushe. Can ya ce, bai juyo ba, "Shekara ashirin da biyu, babu wanda ya taɓa sallamarta?"

"Ma'aikatan ba su san ana yi ba, Tate."

"Su ba su sani ba. Ke fa? Kullum yamma kina tsaye a gefena da bokitin ruwa. Wani lokacin ke kike ƙwanƙwasawa."

Maganar ta same ta inda ta kwana huɗu tana ɓoyewa. Ta sani. Tun ranar farko da Rumen ya kira ya ce Kalina ta ƙi kwanciya, kalmomin nan suka zo mata har bakin harshe. Tafiyar awa biyu da rabi ce daga Sofiya. Amma ta zo gaban ma'aikatanta ta ƙwanƙwasa katako, ta yi maganar masu sarƙa da bakinta? Sai ta ce wa Rumen a ƙara maganin ciwo, ta shiga taro. Kwana huɗu ƙanwarta na tsaye a kan wutar da babu, saboda ita tana jin kunyar gidan da ta fito.

"Na sani," ta ce, kuka ya ƙwace mata. "Na sani, ban zo ba." Ta share fuska da bayan hannu, ta ƙara da ɗaci, "Kai kuma kai ka ɗora ta a kan ƙarfen."

"Ni ne," in ji shi. Bai kawo zancen kakansa ba, bai kawo zancen abinci ba. Ya dafa ƙarafan ya miƙe da ƙyar.

A ƙofa Penko ya miƙa masa bakansa. Ya girgiza kai, ya haɗa masa da gadulkar gaba ɗaya. "Rataye a ɗakinka, ko ka hura wuta da ita. Wa ya rage da zan kaɗa wa?" Ya tsallaka titi ya koma kan dutsensa.

Nevena ta jawo littafin baƙi. Ta rubuta sunansa cikakke, ta rubuta lokacin shiga da na fita. A layin da aka ce wanda ya ba da izini, ta rubuta nata da manyan baƙaƙe.

"Shugaba," in ji Penko yana sosa ƙeya, "hukuma na karanta littafin nan duk ƙarshen wata fa. Shafin ma ai yana iya jiƙewa da kofi."

"Ni na ce su riƙa karantawa. Ka bar shi yadda yake. Kana da lambar Zlatka?"

"Matata na da ita."

"Karɓo mini."

Direbanta ya matso da mota ya buɗe ƙofa, wayarta na ta ƙara a aljihu, kira daga Sofiya. Ta ce masa ya je ya ci abinci. Ta san in ta ce tsohon ya shiga mota ba zai shiga ba, bas ɗin komawa kuma sai ƙarfe uku. Ta tsallaka titi ta tsaya a gefen dutsen. Tsohon bai ɗago ba. Ya dai tattare gefen rigarsa, ya ɗan matsa, ya bar mata wuri.