Gero a Duniyar Wata

Karimatu ce ke tace labaran da za su shiga kundin ƙagaggun labaran kimiyya na marubutan Gaya da Ajingi. Ranar Asabar ta je gida Toranke da labarin Da'u, ɗan garin Kademi. Sau uku ta karanta shi ba ta ga abin gyara ba, sai ta zauna a tsakar gida tana karanta wa mahaifinta Malam Gwadabe, yana ɓare gyaɗa.

A labarin, mutanen garin Balan sun hau jirgi sun koma duniyar wata da zama. Malam Gwadabe ya jinjina kai. Mutum-mutumin ƙarfe ne ke yi musu huɗa. Malam Gwadabe ya ce, "Ikon Allah." Akuyarsu har magana take yi. Ya ci gaba da ɓare gyaɗarsa.

Da ta zo inda suka yanke dawa, daga baya suka girbe gero, sai ya ture kwanon gyaɗar.

"Tsaya! Ɗan gidan wa ya shirga wannan ƙaryar?"

"Baba, ai duk ƙagagge ne. Akuya fa ta yi magana ba ka tanka ba."

"Akuyar can sama ce, ban san halinta ba. Amma gero na san shi. Ko a ina aka shuka shi, shi ke riga dawa shiga rumbu."

Karimatu ta ɗauki jan biro ta rubuta a gefen takardar: "Da'u, jirginka ya sauka lafiya, amma geronka ya makara. Yaushe rabonka da gona?"