Ranar da Kunnen Khairiyya Ya Yi Fito

An aiko mini daga makarantar jikata cewa in je da gaggawa, wai yarinyar tana da aljanu. Sai da na gama shan kununa tukuna. Na koyar da tarihi har kaina ya yi fari, kuma a duk abin da na karanta ban ga aljanin da ya yi fushi ya tafi don an bar shi yana jira ba.

Khairiyya ɗiyar ɗana Jafar ce. Sunan matata marigayiya aka sa mata, shi ya sa nake kiranta Tsohuwa. Sanƙarau ya kama ta tana ƙarama, ya bar mata ranta, ya tafi da mafi yawan jinta. Tun daga lokacin take sa na'urar ji, wani ɗan abu kamar ɓawon gyaɗa da ke maƙale a bayan kunne. Da ita da kallon leɓen mai magana take karatu, har ta kai aji huɗu, kuma ba ita ke zuwa ta ƙarshe ba. Ubanta yana bin motocin shanu zuwa kudu, uwarta tana jego, don haka duk kiran makaranta a kaina yake sauka.

Makarantar ta kuɗi ce, a bayan Ƙofar Atiku. Mai ita, kuma shugabanta, Malam Mika'ilu ne, wanda ya taɓa zama ɗalibina. Na tuna shi sarai: yaro mai kyan rubutu da tsoron kowa.

Na tarar da Khairiyya zaune ita kaɗai a baranda, cikin sabon hijabin makaranta, mai kauri, mai roba da ke matse fuska. Tafin hannunta ya kumbura. Da na sunkuya kusa da ita sai na ji shi: wani siririn fito, mai tsawo, ba numfashi a cikinsa. Bakinta a rufe yake.

Mika'ilu ya tarbe ni a ofis, ya rusuna, ya ba ni kujera, sannan ya ba ni labari. Ana cikin karatun Alƙur'ani aka ji fito. Malamar ajin, Malama Shamsiyya, ta bi sawun ƙarar har kan Khairiyya, ta zane mata hannu. Yarinya ta rantse ba ita ba ce. Aka sa ta rufe baki da hannu biyu, fito bai tsaya ba. Yara suka watse da ihu, ɗaya ta suma. Kafin azahar labari ya kai gidaje.

"Malam, ni da kunnena na ji," in ji shi. "Ɗiya mace, bakinta rufe, abu shina fito. Kowa ya san mi fito ka kira."

"Ita mi ta ce?"

"Ta ce ba ta jin komi."

"To ka samu aljani mai ladabi. Shina damun kowa, ya ƙyale mai shi."

Bai yi dariya ba. Ya ce shawararsa a kai ta a yi mata ruƙiyya. Bayan nan kuma, ko ta samu sauƙi, gara a nema mata makarantar kurame, don can ne wurin irinsu.

"Irin su wa, Mika'ilu?"

Ya dubi tebur. "Malam, uwayen yara sun taso min. Ka yi haƙuri."

Haƙuri abu ne da ake ba wanda aka riga aka yanke wa hukunci. Na kama hannun jikata muka fita. A gida ta tuɓe hijabin ta jefar, fito ya tsaya cak. Uwarta ta ce aljanin a makaranta yake zaune. Na ce idan haka ne shi ya kamata a kora, tunda bai yi rajista ba.

Washegari na sa hijabin a leda, muka hau keke mai ƙafa uku zuwa asibitin da aka ba ta na'urar. Mai gwajin ji a can wata ce Malama Sadiyatu, 'yar unguwar Gidan Dare, mace siririya mai saurin magana. Kowa likita yake ce mata, ta gaji da cewa ita ba likita ba ce. Ban gama bayani ba ta ce a sa wa yarinyar hijabin. Aka sa, fito ya tashi. Ta zura yatsa ta ɗaga robar daga kunnen, ya yi shiru. Ta saki, ya dawo.

"Baba, ka san lasifikar masallaci in liman ya matsa kusa da ita, yadda take kuka?" ta ce. "Shi ke nan. Kunnenta ya girma, ɗan robar na'urar da ke toshe shi ya yi mata kaɗan. Sauti na tsiyaya ta gefe, hijabi ya matse ya maida shi cikin na'ura. Ita ba za ta ji ba, don irin wannan siririn sautin shi ne na farkon abin da ciwon ya ɗauke mata."

Ta cusa wa Khairiyya wani abu mai laushi a kunne don ɗaukar sabon awo, ta ce sai an aika an ƙero, zai ɗauki makonni. Tana cikin haka idonta ya sauka kan tafin hannun yarinyar. Ta juya shi sama, ta daɗe tana kallo. Sannan ta durƙusa daidai fuskarta, ta yi magana a hankali yadda leɓenta zai karantu.

"Wa ya buge ki?"

"Malama."

"Kin yi kuka?"

"A'a. Ban yi komi ba, mi zan yi wa kuka?"

Sadiyatu ta miƙe ta ce gobe za ta bi mu makarantar. Na ce ba na so in ɗora mata wahala. Ta ce ai aikinta ne. Rabin aikin a wannan ɗakin yake, rabin a ajin da yaro ke zaune, sai dai makarantu ba su cika son a tuna musu ba.

Da safe muka shiga mu uku. Mika'ilu ya ga Khairiyya cikin yunifom, fuskarsa ta canza, amma ganin farar rigar asibiti ya sa ya ba da kujeru. Yarinyar ta tsaya jikin bango, tana bin bakunanmu da ido.

Sadiyatu ba ta ɓata lokaci ba. Ta cire na'urar daga kunnen Khairiyya, ta ɗora a tafin hannun shugaban, ta ce ya dunƙule. Ya dunƙule. Fito ya tashi daga hannunsa, har ya zabura.

"Subhanallahi, Mika'ilu," na ce. "Ashe kai ma."

Ya buɗe hannu, shiru. Ya sake rufewa, ya sake buɗewa. Na ga ya gane, kuma na ga ganewar ba ta yi masa daɗi ba. Sadiyatu ta maida wa yarinyar na'urarta, ta faɗi abin da take so: a bar ta ta sa hijabi mai sakin fuska, launi ɗaya da na makaranta, har sabon ɗan robar kunnen ya iso, a matso da ita layin gaba, malama ta daina magana tana fuskantar allo. Kuma a ba ta dama ta shiga ajin ta nuna wa yara abin da ta nuna masa.

"Hajiya, ni na gane," ya ce. "Wallahi na gane. Amma ba ni ka da matsala ba, uwaye na. Wagga magana ta riga ta shiga gari. In na ce musu lasifika, su ce min mi ya sa sai lokacin karatun Alƙur'ani?"

"Don lokacin ne aji ke shiru," ta ce.

"Ke kin sani, ni na sani. Yunifom kuma ba a canza shi don mutum guda. Ga abin da zan iya: ta zo, amma ta cire abin nan a bakin ƙofa, in an tashi ta maida."

"Ta cire ta zo ta yi me? Ɗumama benci?"

"To sai a nema mata wani wuri."

Na dubi tabaraun da ke hancinsa. "Kai ma ka riƙa aje wannan a bakin ƙofa, mu ga yadda za ka karanta sunan makarantarka."

"Malam, kai ubana ne, ba ni jayayya da kai."

"Ba ka taɓa jayayya da kowa ba. Shi ne ciwonka tun kana yaro."

Muna cikin wannan ne na waiga ban ga Khairiyya ba. Mun manta cewa mai karatun leɓe ba a yi masa magana a ɓoye. Ta ga "ta cire," ta ga "wani wuri," ta fita abinta. Kafin mu miƙe sai muka ji ihu daga aji huɗu.

Da muka isa, yara sun taru a lungun baya, sun hau kan juna. Malama Shamsiyya tana tsaye jikin allo da alli a hannu, leɓenta na motsi da addu'a. Khairiyya kuwa ta zauna a bencin gaba, a tsakiya, inda ba a taɓa zaunar da ita ba. Ta ajiye jakarta. Fito na tashi. Ta zura yatsa ƙarƙashin hijabi ta ɗaga robar kamar yadda ta ga an yi mata jiya, ya yi shiru. Ta saki, ya dawo. Ba ta jin sa, amma tana ganinsa a fuskokinsu. Ta ɗaga, ta saki, ta ɗaga, tana kallon su ɗaya bayan ɗaya.

"Ni ka sa shi," ta ce, da muryarta mai ɗan nauyi. "In na so shi yi, in na so shi bari. Ke Hussaina, matsoraciya, zo ki gani."

Hussaina ita ce wadda ta suma shekaranjiya. Ba ta zo ba, amma ta sauke hannunta daga fuska.

Mika'ilu ya ce, "A fito da ita." Bai faɗi wanda zai fito da ita ba, kuma ba wanda ya ɗauka da shi ake. Ni dai na tsaya a bakin ƙofar, na dogara sandata a ɗaya gefen. Ƙofar ba ta da faɗi.

Sadiyatu ta riga ta shige. Ba ta nemi izini ba. Ta gaida malamar da ladabi, ta roƙi Khairiyya aron na'urar, ta ɗaga ta sama.

"Wa ke da ɗan'uwa mai sa tabarau?" ta tambaya. Hannuwa suka ɗagu a hankali. "To wannan tabaraun kunne ne. Batir gare shi kamar tocila. Wadda ba ta tsoro ta zo ta sa shi fito."

Wata gajeruwa mai giɓi ta fito tana jan ƙafa. Ta dunƙule hannu, abu ya yi ƙara, ta yi tsalle, sannan ta fashe da dariya. Shi ke nan layi ya kafu, ana ture-ture. Wata ta ce a ba ta ta kai gida ta tsorata yayanta. Hussaina ce ta kusa ƙarshe, ta taɓa shi da ɗan yatsa kamar garwashi.

Malama Shamsiyya ba ta shiga layi ba. Ta matso wurin Sadiyatu ta yi tambaya ƙasa-ƙasa, na ji amsar: "A'a, ba ta ji. Da gaskiyarta ta rantse." Malamar ta dubi hannun Khairiyya da ke kan benci, ta kau da kai. Ban ji ta ba da haƙuri ba. Manya a garin nan ba su iya wannan kalmar ba in yaro ne a gabansu. Amma ta ce wa yarinyar da ke da wurin gaba ta kwashe littattafanta ta koma baya. Da ta ci gaba da darasi kuma, ta rubuta a allo, ta juyo gaba ɗaya, sannan ta buɗe baki.

Muka koma baranda. Mika'ilu yana share zufa da hularsa.

"Kun sa ni a tsaka," ya ce. "To, ta zauna zuwa ƙarshen zango, da hijabin da kunka ce. Amma in uwa guda ta sake zo min da ƙara..."

"Ka turo min ita," in ji Sadiyatu. "Ko ka tara su, in zo. Akwai ma yara biyu a ajin nan da nake so in gwada jinsu, na ga yadda suke karkata kai."

"Ni kuma ina nan kullum da safe," na ce. "Ba ni da aiki, ba ni da mata, ba mai jirana a gida. Duk mai ƙara ta same ni a bakin ƙofa."

Ya tsaya yana jiran godiya. Na bar shi tsaye.

Uwaye sun zo. Wasu Sadiyatu ta shawo kansu, wasu ni na gajiyar da su. Akwai wadda ta cire ɗiyarta, ta ce ita ba a yi mata wayo da batir. Na yi mata fatan samun makarantar da ba a fito a cikinta. Sabon ɗan robar kunnen ya iso, fito ya yi shiru. Ƙarshen zango ya zo, Mika'ilu bai ce komai ba, ni ma ban tambaye shi ba. Ranar da aka dawo daga hutu na kai ta har bakin aji. Ta wuce gaba ta zauna, ba ta waiwaye ni ba.