Atamfar Bikin Fada Silvesta

Ranar Litinin da hantsi atamfar ta iso shagon Nangozo, an ɗauro ta a bayan keke kamar buhun masara. Mayi Kachingwe, shugabar zumuntar matan coci, ta biyo keken a ƙafa tana haki, tana yi wa mai keken faɗa kada ya zubar mata da kaya a taɓo. Da aka kwance ƙullin ta warware turmi ɗaya a kan teburin yanka, ta ja da baya tana murmushi.

Fuskar Fada Silvesta, limamin cocinsu, ce a jiki, cikin da'ira mai ruwan gwal, an rubuta shekara ashirin da biyar na hidima a ƙasanta. Duk kamu biyu fuska ɗaya, kowace da wannan murmushin nasa mai wushirya. Nangozo ta kau da ido daga fuskar.

"Kin san aikinki, ba sai na koya miki ba," in ji Mayi Kachingwe. "Fuska a ƙirji. Kada a yanke masa kunne, kuma don Allah kada a sa shi inda za a zauna a kansa, irin abin da telan garin Dedza ya yi mana lokacin bikin Bishof." Ta fashe da dariya. "'Yan rawa goma sha takwas, sai mu iyaye. Af, na manta ban yi miki barka ba. 'Yarki Mwayi ce za ta ja gaba bana. Fada da kansa ya zaɓe ta. Ran Asabar za a fara koyon rawar a gidansa."

"Mwayi ai ƙarama ce, Mayi. Shekararta sha ɗaya."

"Ƙarama ina? Yayarta nawa take da ta fara? Gidanku dai akwai ƙafar rawa."

Yayar ita ce Takondwa, shekararta sha shida yanzu. Shekara uku tana jan 'yan matan da ke rawa gaban bagade ranar manyan bukukuwa. Bara ta daina cin abinci, ta daina zuwa coci, ta zama sai ka kira sunanta sau uku kafin ta waiwayo. Ran da suke karyar masara a gona, su biyu kaɗai, ta zauna a kan kunya ta faɗa wa uwarta abin da Fada ya yi mata a ɗakin da ake ajiye kayan rawa, ba sau ɗaya ba. Ta gama, ta riƙe ƙafar uwar tana roƙo: "Mama, kada ki kai ni gaban mutane ni kaɗai. Cewa za su yi ƙarya nake."

Nangozo ba ta zauna ba. Ta kai yarinyar garin Salima wurin tata ƙanwar, ta hau motar awa uku zuwa ofishin Bishof a birni. Wani matashin Fada mai farin tabarau ya karɓe ta da mutunci, wallahi ba laifi, har shayi ya sa aka kawo mata da madara. Ya rubuta komai a wani koren fayil. Sannan ya haɗa yatsunsa ya ce, "Mama, bakin yarinya ɗaya ne a kan mutumin da ya yi shekaru yana hidima. In da za a samu ta biyu, kwamiti zai zauna. Kafin nan ki riƙe bakinki, ki yi ta addu'a." Wata bakwai ke nan tana riƙe da bakin. Mijinta yana aikin gini a Afirka ta Kudu, bai sani ba, don ta san in ya ji, adda zai ɗauka.

Yanzu ga Asabar saura kwana biyar. Tana iya cewa Mwayi ba ta da lafiya, wannan mai sauƙi ne. To sai me? Sai a ɗauko 'yar maƙwabciya a sa a gaba, yarinyar da Nangozo ta ɗinka wa rigar baftisma da hannunta. Duk goma sha takwas ɗin nan babu wadda ba ta san awon kafaɗarta ba. Abin da take nema baki na biyu ne, kuma ba ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ba. Ka tambayi mace ɗaya a wannan gari, kafin la'asar sunan Takondwa ya zaga kasuwa.

Talata da Laraba iyaye suka yi ta kawo yara awo. Nangozo tana zagaya tef a ƙirjin yarinya, idonta na kan fuskar uwar. Wannan da ta sunkuyar da kai, ko ta san wani abu? Waccan da ta ƙi taɓa atamfar fa? A'a, hannunta ne da manja. Tsoro ya hana ta cin abinci, nsima, tuwonsu na masara, ta huce a kwano har ƙuda ya gaji da ita. Sau biyu tana soke yatsa da allura, ita da ta shekara goma sha takwas a kan keke. Mwayi kuwa sai tsalle take a tsakar gida tana gwada taku, tana tambaya, "Mama, tawa rigar kin yanka?" Ta yanka tun ran Talata, amma ta cusa ta ƙarƙashin kwandon ƙyallaye, ba ta nuna wa kowa ba.

Ran Laraba da rana Fada Silvesta da kansa ya tsaya da babur a ƙofar shago. Bai sauka ba. Ya leƙo ya ce, "Maman Mwayi, yaya aiki? Ina Takondwa, shiru kwana biyu? A gaishe ta." Nangozo ta ji bakinta ya amsa da "Za ta ji, Fada," kuma ta tsani bakin nan nata har cikin ranta. Da ƙarar babur ɗin ta yi nisa ta fita bayan shago ta yi amai.

Alhamis bayan azahar sai ga Nabiyeni mai tumatir, turminta a hammata. Shekara huɗu ba sa ga maciji da Nangozo, tun wata rigar biki da Nabiyeni ta rantse an rage mata yadi. Mace ce mai baki, ko ɗan sanda ya taka mata tumatir sai ya ji sunan kakarsa. 'Yarta Pemphero ta taɓa yin rawar coci, ta bari shekara biyu da suka wuce, mutane suka ce ta lalace, aka wuce wurin.

"Na zo ne don babu wani tela, kada ki ɗauka kewarki na yi," in ji Nabiyeni, ta jefa atamfar a tebur.

"Ni ma ban yi kewar rowarki ba. Ɗaga hannu in auna."

Ba ta ɗaga ba. Ta kalli ƙofa, ta kalli titi, sannan ta rage murya, abin da Nangozo ba ta taɓa jin ta yi ba.

"Ki yanka min ta tsakanin hotunan. Ganyen nan da ke gefe ya isa. Fuskar ki zubar."

"Rabin turmi zai tafi a banza. Kuma Mayi Kachingwe za ta cinye ki ɗanya."

"Ta cinye. Dole ce a sa atamfar, na ji, zan sa. Amma ba zan ɗora fuskar nan a ƙirjin da Pemphero ta sha ba."

Tef ɗin ya zame daga hannun Nangozo. In ta yi kuskure, ta miƙa sirrin 'yarta ga mafi tsawon harshe a kasuwa. In ta yi shiru, Asabar jibi ce. Ta tashi ta tura ƙofar shagon, ta durƙusa, ta ɗaga kwandon ƙyallaye, ta zaro rigar Mwayi ta shimfiɗa a kan tebur. Ƙaramar riga ce, gaba da baya ganye ne kawai, an harhaɗa shi ɗinki bakwai. Babu ko gefen kunne.

Nabiyeni ta daɗe tana kallon rigar. Ta shafa ɗinkin da babban yatsa.

"Mwayi?"

"Takondwa. Mwayi jibi za ta fara zuwa."

Nabiyeni ta zauna a kan bencin masu jira. Nangozo ta zauna kusa da ita, maganar ta ɓalle mata da sauri, tana tuntuɓe da kalmomi. Ta ce ta je ofishin Bishof, an ce baki ɗaya bai isa ba, amma yanzu ga su su biyu. Gobe da sassafe su hau mota, kwamiti zai zauna, za a hana koyon Asabar. A karon farko cikin wata bakwai ta ji numfashinta yana kaiwa ƙasa.

"Wa kika gani a can?" in ji Nabiyeni.

"Wani yaron Fada, mai farin tabarau."

"Ya ba ki shayi?"

"Da madara."

"Fayil ɗin kore ne?"

Nangozo ta juyo ta dube ta.

"Shekara biyu ke nan da na je," in ji Nabiyeni, muryarta a bushe. "Na zauna a kujerar nan, na sha shayin nan. Ya rubuta sunan Pemphero da hannunsa. Ya ce min, Mama, baki ɗaya ne, in da za a samu ta biyu."

A waje wani yana tallan rake. Nangozo ta tuna yadda matashin ya buɗe fayil ɗin daga tsakiya, ba daga farko ba, da yadda ya rufe shafin baya da tafin hannu yana rubutu. Lokacin da Nabiyeni ta je, Takondwa tana cin abincinta, tana rawarta, ba abin da ya same ta tukuna. Wannan lissafin ne ya sa wani fushi ya taso mata wanda ya kore tsoron gaba ɗaya.

Ta miƙe ta naɗe rigar Mwayi, ta rufe keken ɗinki da zane, ta ɗauki makulli.

"Motar birni sai gobe," in ji Nabiyeni.

"Ba birni za mu ba. Ofishin 'yan sanda yana bayan kasuwa, ƙafa ma ta kai mu."

"Kin san za a daina kawo miki ɗinki. Ni kuma tumatir ɗina zai ruɓe a faranti."

"Na sani. Tashi, 'yar uwa."

A bakin ƙofa suka ci karo da Mwayi ta dawo daga makaranta, jaka a baya, tana tafe tana gwada takun rawa. Nangozo ta kama hannunta ta riƙe gam, har yarinyar ta ce, "Mama, da zafi." Ba ta sassauta ba, haka suka ratsa kasuwar su uku.