Tankin da Malam Ya Hango

Gardamar ta fara ne ranar Talatar da Malam ya goga motarsa a jikin ƙofar gida, karo na uku cikin wata guda. 'Yarsa Auta ta ce ko dai ya je a auna masa ido, ko kuwa ya miƙa makulli. Malam, wanda ya shekara talatin yana koyar da labarin ƙasa kafin ya ajiye aiki, ya ce ƙofar ce ta tsuke.

"Ikon Allah, ƙofar ƙarfe ta tsuke da tsufanta," in ji matarsa Inna.

"Ku kai ni kan dutse," ya ce. "In ban hango tankin ruwan unguwarmu daga can ba, ku karɓi makullin."

Dutsen yana da nisan kilomita arba'in daga gari, hanyar mota kuma tana kaiwa dab da ƙololuwarsa. Ranar Asabar Auta ta tuƙa su. Suka ƙarasa da ƙafa, Inna tana haki tana cewa a gaji a gida ma ai gajiya ce.

Da suka isa sama, duniya ta shimfiɗu a gabansu kamar tabarma. Koguna suka koma zare, manyan motoci suka koma tururuwa. Inna ta yi tasbihi a hankali. Malam kuwa ya gyara murya irin ta gaban allo.

"Tsayin nan mita dubu biyu da ɗari biyar ne. In sama ta washe, ido yana iya cin kusan kilomita ɗari da tamanin. Arba'in ai wasan yara ne."

"Baba, ba darasi muka zo ɗauka ba. Ina tanki?"

Ya kare ido da tafin hannu, ya daɗe yana dubawa, sannan ya miƙa yatsa. "Ga shi can. Fari, ƙafafu huɗu, tsani a gefen hagu. Har tsatsar da ke wuyansa ina gani."

Auta ta ciji leɓe, ta kau da kai.

"Malam, har da tsatsa?" Inna ta tambaya.

"Har da ita."

"To, idon nan ya wuce na likita, tunda yana ganin waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Tankin nan tun bara aka sare shi."

"Aka sare?"

"Gaba ɗaya. Kuma kullum ta wurin kake bi da mota."

Malam ya sauke yatsansa. Ya tuna cewa a daidai kwanar tankin 'yan makaranta suke tsallaka titi da safe.

"Shi ya sa rana ta yi yawa a kwanar nan," ya ce a hankali.

Auta ta kasa riƙe dariya. Shi ma ya murmusa, ya juya baya ga kilomita ɗari da tamanin ɗinsa.

"Auta, Litinin za ki kai ni wurin likitan ido. Kafin nan ba zan ƙara tuƙi ba."