Dutsen Niƙan Rebeka

"To ka jira in mutu, sai ka kai ni inda ka ga dama! Yanzu dai da raina, kuma na ce a'a!"

Muryar maƙwabcina ce, Baba Obadiya. Ina gyaran wake na jiyo ta ta kan katanga, na ajiye faifai, na ɗauki ƙoƙo kamar mai zuwa roƙon gishiri. Gishirina bai ƙare ba, amma ba kullum ake samun faɗan uba da ɗa a kyauta ba.

Na tarar da shi kwance, ƙafafunsa sun kumbura sun yi sumul. Ɗansa Tobiya, wanda ya zo daga Kaduna, yana tsaye yana gumi.

"Adda Fanta, ki ji mini," in ji Tobiya. "Coci tana da maƙabarta mai shinge. Shi kuma wai sai bayan gida, kusa da Mama. Ina bayan gidan yake? A bola zan binne ubana?"

"Ita uwar taka a ina take yanzu?" in ji tsohon.

Tobiya ya sunkuyar da kai.

Rebeka, matar Obadiya, ta rasu ne kafin a ba mu jiha. Aka binne ta a bayan gida cikin ɗan lambunta, yadda mutanensu ke yi, Obadiya ya kafa dutsen niƙanta a wajen kanta. Sai ciwon ido ya sa Tobiya ya ɗauke shi zuwa Kaduna, ya yi shekaru. Kafin ya dawo Jalingo ta zama babban birni, ma'aikata sun cika ɗan ƙauyenmu na gefen Yelwa, kowa da shararsa, ga fili ba mai shi. Ya dawo ya tarar da tsibin shara ya fi katangarsa tsawo, awaki na kiwo a kan matarsa. Ya yi ƙara, aka yi masa alkawarin motar kwashe shara. Har ƙafafunsa suka kumbura motar tana hanya.

A wannan ranin ne malaman jami'a suka zo, Dokta Barnabas da wata doguwa, Malama Judith. Sun gama aiki a garin Iware, suka sauko mana da sikeli da safar hannu, suna baje shara a kan buhu, leda gefe, gwangwani gefe, suna aunawa. Unguwa ta sha dariya, wai boko ya kai su tonon bola. Ni ban yi dariya ba. Kujera na kai na zauna kusa da su kullum, don abin da mutum ke ɓoyewa a ɗaki, bola ba ta ɓoye shi.

Ni na ja Judith zuwa wurin Obadiya. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya dube ta da idonsa guda mai gani.

"'Yata, an ce kina auna shara."

"E, Baba."

"To nawa ne nauyin wadda ke kan matata?"

Judith ta miƙe. Ta fita, ta ari shebur, ta shiga yanka tsibin ta gefe har kanta ya ɓace. Ta dawo da baƙar ƙasa a tafin hannu, ta sa masa a nasa.

"Shinshina, Baba."

"Wannan ai taki ne."

"Duk ƙasan tsibin haka yake. Manoma za su kwashe da kansu, har da godiya. Leda da kwalba da batir ne ke hana su. In an tsince, aka haƙa ramuka biyu can ƙarshen layi, ɗaya na abin da ke ruɓewa, ɗaya na wanda ba ya ruɓewa, ba mai sake zuwa nan. Hannu kawai muke buƙata."

"Kafin damina?"

"Mun tsara sai bayan damina."

"Ni ban tsara kaiwa can ba," in ji shi.

Dokta ya kira taro a gindin mangwaro. Mu huɗu muka zo, har da wani kurma da ya zaci rabon taki na gwamnati ne. Dokta ya yi ta bayanin sauro da amai da gudawa, kurma na gyaɗa kai.

Washegari na yafa mayafi na shiga gida-gida. Na fara da Hamna, matar akawu, wadda ke cewa farinta na gado ne.

"Hamna, malaman nan sun tara gwangwanin man bilicin cike da buhu. Suna tambayata na wane gida ne."

"Me kika ce musu?"

"Ban ce ba tukuna. Na tsufa, bakina ba ya riƙe magana. Amma abin mamaki, duk wanda ke aiki kusa da ni, sai in manta da shi."

Daga nan na leƙa wurin Joseph, dattijon coci, na tambaye shi ko ya san mai shan abin da ke cikin koriyar kwalba. Na biya ta wurin Usaini mai shago, muka yi maganar sardin da yake ci shi kaɗai iyalinsa na kan miyar kuka. Malaman ba su taɓa tambayata sunan kowa ba, Allah ya sani. Amma da safe sai ga unguwa ta fito da fartanya da kwanduna, kowa na gaishe ni da ladabi.

Dokta ya raba safar hannu, ya nuna yadda za a tsince kwalba kada ta yanki mutum. Ya aika wa Maishanu, wani manomi da suka sani, shi kuma ya zo da amalanke da 'yan'uwansa. Tsibi ya fara raguwa. Wari kuwa, har tuwo sai da ya canja ɗanɗano.

Obadiya ya sa aka riƙa fito da shi a kujera, yana nuni da sanda.

"Ba can ba! Ku daidaita da kusurwar ɗakina. Fanta, ke ba ki aiki, sai baki?"

"Bakin ne ya kawo maka su, tsohon banza."

"Useko," in ji shi, yana dariya har tari ya sarƙe shi. Kalmar Fulatanci ɗaya da ya iya ke nan, wato "na gode", ita ma a wurina ya sata.

Ranar da tsibi ya dawo daidai ƙugu, Obadiya bai fito ba. Na kai masa kunu da hantsi. Ya kurɓa sau ɗaya, ya ture.

"An ga dutsen?"

"Saura kaɗan."

"Ƙarya kike, na san muryarki." Ya kama bakin zanena. "Kada ki bar yaron nan ya kai ni cikin baƙi."

Kafin azahar ya cika.

Tobiya ya fito da jajayen idanu ya ce gobe da safe za a kai shi maƙabartar coci, gawa ba ta jira a wannan zafi. Mutane suka fara ajiye fartanya. Ni kuwa na ɗaura ɗamara, na karɓi fartanyar Usaini, na hau tsibin da gwiwoyina masu ƙara.

"Sai gobe da safe ya ce, ko? To yau tamu ce."

Judith ta biyo ni. Dokta ya tuɓe rigarsa ta ofis ya rage singileti, ya ja igiya daga kusurwar ɗakin, ya ce a bar sauran, a haƙa nan kawai. Joseph ya ɗauki waƙar coci, mu da ba mu san ta ba muka riƙa amsawa da nishi. Maishanu ya ƙi tafiya, shanunsa na kumfa.

Rana ta yi ja sai fartanyar Hamna ta yi ƙara. Muka share da hannu. Dutsen niƙa ne, tsakiyarsa ta lotsa, gefe ɗaya a ɓalle. Aka kira Tobiya. Ya tsuguna ya shafa wurin ɓallin.

"Ni na fasa shi," ya ce. "Ta bi ni da muciya har bakin rafi."

Bai sake maganar coci ba. Da kansa ya fara saran kabarin.

Malaman sun koma jami'arsu da damina ta sauka, suka bar mana ramuka biyu da kwamitin mata, wai ni ce shugaba. Ramukan da ɗan nisa, na yarda. Shi ya sa na mayar da kujerata bayan gidan Obadiya, nan nake gyaran wake.

Rannan da sassafe sai ga Hamna ta ɓullo da kwando a ka, tana waige-waige. Ta gan ni ta tsaya cak.

"Adda, wucewa zan yi."

"Da kwando? Nan hanya ta ƙare, 'yar nan. Rami yana can. Af, kin ƙara haske kuwa."

Ta yi tsaki, ta juya, ta shige gidanta, ta bugo ƙofar langa-langa har kaji suka watse. Da ƙarar ta lafa, suka dawo ɗaya bayan ɗaya suna tono tsakanin kaburburan biyu, inda alayyafo ya fara tsirowa a gindin dutsen.